INJIN YANKAN CIYAWA: YADDA A KE ZAƁENSA DA YADDA A KE KIYAYE SHI

Zuwa ga hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da dukan manoma waɗanda suka iya karatu. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, sai ya karanta ta da natsuwa, sa'an nan ya karanta wa 'yan'uwansa waɗanda ba su sami karatu ba.

1. DALILIN YANKE CIYAWA KUSA DA GIDA

Kowa ya sani da zarar ruwa ya zauna, ciyawa ta kan taso a ƙofar gida, da bayan danga, da filin makaranta, da kewayen ɗakin shan magani. In an bar ta har ta kai gwiwa, sai ta zama mafakar masifa uku.

Ta fari, macizai, tun ba kububuwa ba, wadda ba ta da girma, amma dafinta ya kan hana jinin mutum daskarewa. Ta biyu, sauro. Cikin ruwa ya ke hayayyafa, amma da rana ya kan fake cikin inuwar doguwar ciyawa, kuma ciyawan nan ita ke ɓoye gwangwani da fasasshiyar tukunya inda ruwa ke kwanciya. Ta uku, gobara. Kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya kai wuta ga rumbu da ɗakin jinka.

Amma fa ba a ce a tumɓuke ta duka da fartanya ba. Ƙasa tsirara ruwa ya kan kwashe ta, tun tana 'yar hanyar ruwa har ta zama kwazazzabo, da rani kuma ita ke ta da ƙura. Abin da a ke so shi ne gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa, kamar ƙiri-ƙiri, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa, amma ba ta da tsawon da zai ɓoye maciji. Lauje da langalanga suna yin wannan aiki tun dā, har yanzu ma sun isa ga ƙaramin gida. Inda fili ya yi faɗi, hannuwa kuwa duk suna gona, nan ne inji ke da rana.

2. ASALIN WANNAN INJI

Wani Bature mai suna Edwin Budding, mutumin yankin Stroud cikin ƙasar Ingila, shi ya ƙago shi a shekarar 1830. A yankinsu akwai masaƙu na tufafin ulu, a ciki kuwa akwai wani inji mai wuƙaƙe masu juyawa wanda ke aske gashin tufa don fuskarta ta yi sumul. Da ya lura da shi, sai ya ga abin da ya aske tufa zai iya aske ciyawa. Ya ƙera nasa da ƙarfe, faɗin yankansa inci 19, mutum ne ke tura shi. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya sami izini ya fara ƙera irinsa, a 1902 kuma kamfanin nan ya fitar da mai aiki da fetur don sayarwa. Irin mai wuƙa kwance, wanda ya fi yawa yanzu, ya bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikin sanannunsa shi ne Victa, wanda aka fara ƙerawa a Ostireliya a 1952.

Abin lura a nan shi ne, a ƙasar da aka ƙago shi fili sumul ya ke, ciyawa mai laushi ce, ƙura kuwa kaɗan. Wurinmu akwai tsakuwa, da kututture, da suri, da ƙurar hunturu, ga kuma rani mai tsawo wanda inji zai kwanta ba aiki. Saboda haka tilas mu fi su hankali wajen zaɓe, mu fi su kula wajen kiyayewa.

3. IRE-IRENSA

(a) Na turawa. Ba ya shan fetur. Yana da wuƙaƙe murɗaɗɗu, yawanci 5, waɗanda ke juyawa in an tura shi, suna gugar wata wuƙa da ke kafe a ƙasa. Yankansa irin na almakashi ne. Ba shi da tsada, ba ƙara, ba hayaƙi, ba ya yawan lalacewa. Aibinsa, ba ya iya doguwar ciyawa, sai ya kwantar da ita ya wuce. Ƙaramin tsinke ma ya kan tsai da shi.

(b) Na fetur mai ƙafa huɗu. Wuƙarsa ɗaya ce, tana kwance ƙarƙashinsa, tana juyawa kamar sau 3,000 cikin minti guda. Yankansa irin na adda ne, watau da ƙarfin sara. Ya fi jimre wa kaushin ciyawa da rashin daidaiton ƙasa, amma kullum yana bukatar fetur, da baƙin mai, da mai kula.

(c) Na lantarki. Wani da doguwar waya ya ke aiki, wani da batir. Ba su da wahalar mai, amma ba su da amfani sai inda wuta ta tabbata. Batir kuma ya kan raunana bayan 'yan shekaru, sabonsa kuwa da tsada.

(d) Na ratayawa. A kan rataya shi a kafaɗa, wuƙarsa tana can ƙarshen doguwar sanda. Shi ne na gamba, da kyasuwa, da tofa, da gindin danga, da gangaren da mai ƙafa ba zai shiga ba.

(e) Na hawa. Wannan kamar ƙaramar tarakta ya ke. Na manyan filaye ne, ba na gida ba.

4. TAMBAYOYI BIYAR KAFIN A SAYA

Ta fari: Ina girman filin? Ku auna shi da taki kafin ku tafi kasuwa. Eka ɗaya yadi 4,840 ce murabba'i, watau kamar yadi 70 tsawo, yadi 70 faɗi. Ga lissafi. Inji mai faɗin yanka inci 18, watau rabin yadi, in mai tura shi yana tafiyar mil 2 cikin awa, zai yi yadi 3,520 a tsawo. Rabin wannan shi ne yadi 1,760 murabba'i. Ashe eka ɗaya za ta ci kusan awa 3, ban da juyawa da zub da ciyawa. Filin da bai kai rubu'in eka ba, in sumul ya ke, na turawa ya ishe shi. Daga nan zuwa kamar eka ɗaya, sai na fetur.

Ta biyu: Wace irin ƙasa ce, wace irin ciyawa? In marmara ce da duwatsu, ko ciyawar da ke wuce gwiwa, kada ku sayi mai ƙafa, gama wuƙarsa ba za ta ga ƙarshen damina ba.

Ta uku: Akwai kayan gyaransa kusa? Wannan ita ce babbar tambaya. Ku tambayi mai sayarwa wuƙa, da fulogi, da matatar iska, da igiyar tayarwa. In bai iya nuna muku su a hannu ba, ku bar masa injinsa, ko da ya ke yana walƙiya. Ku tambayi kuma bakaniken da ke gyaran injin ban-ruwa ko janareta a garinku, wane iri ya saba buɗewa. Irin da ya sani shi ne naku.

Ta huɗu: Wa zai riƙe shi? Injin da kowa ke ja, ba wanda ke duba mansa.

Ta biyar: Za ku iya ci da shi? Kuɗin saye sau ɗaya ne, amma fetur da mai da gyara na kowace shekara ne. Wanda bai iya ba doki hatsi ba, bai kamata ya ɗaure doki ba. In lissafi bai fita ba, ba abin kunya ba ne a tsaya ga langalanga.

In tsoho za ku saya, ku sa a tashe shi a gabanku tun yana da sanyi. Shuɗin hayaƙi mai yawa alama ce yana ƙona baƙin mai. Girgiza mai tsanani alama ce wuƙa ko sandar da ke juya ta ta lanƙwashe. Ku leƙa ƙarƙashinsa ku gani ko tsatsa ta huda shi. Araha ba ta ado.

5. YADDA A KE YANKA

Kafin a ta da inji, a bi filin duka a tsince duwatsu, da ƙasusuwa, da waya, da tsumma, da turaku. Dutsen da wuƙa ta ɗauka ya kan fita kamar harsashi.

Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a rana ɗaya. Misali, in tsawonta inci 3 ne, a cire inci 1, a bar 2. Dalili kuwa, da ganye ciyawa ke yin abincinta. In an aske ta ƙwarai, saiwarta ta raunana, rana ta ƙone ta, sa'an nan ƙarangiya da aya-aya su sami wurin shiga. In ta riga ta yi tsawo, a fara sare ta da langalanga, bayan kwana 3 ko 4 a bi da inji.

Da tsakiyar damina, sau ɗaya cikin bakwai ya isa. Kada a yanka da raɓa ko bayan ruwa, gama jiƙaƙƙiyar ciyawa ta kan toshe inji, mai turawa kuma ya kan zame. A jira hantsi. A gangare, a riƙa bi a gicciye, kada a hau a sauka, don kada inji ya komo kan ƙafar mai shi.

6. KIYAYE INJI LOKACIN AIKI

Doka ta fari, wadda ta fi sauran duka: kada hannu ya kusanci wuƙa sai an kashe inji an kuma zare wayar fulogi. Wuƙa da cikin inji a haɗe su ke, in an juya ta da hannu inji yana iya tashi. In na lantarki ne, a zare waya ko a cire batir.

Tsabta. Kowace rana bayan aiki, in ya huce, a kankare ciyawar da ta manne ƙarƙashinsa da ɗan itace, gama ita ke riƙe laima ta kawo tsatsa. In za a karkata shi, a karkata yadda matatar iska za ta dubi sama. In an karkata ta ɗaya gefen, baƙin mai zai malala cikin matata da kafireto. A share kuma tsagogin ƙarfe da ke jikin kan inji, domin ta nan iska ke bi tana sanyaya shi.

Baƙin mai. A duba shi kowace safiya kafin a tayar, inji yana tsaye a daidaitaccen wuri. Kada ya kasa alama, kada kuma ya wuce ta. Sabon inji a juye mansa bayan awa 5 na aiki, gama cikin kwanakin fari ƙarfe yana gugar ƙarfe, garinsa yana zuba cikin mai. Bayan wannan, kowace awa 50, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa; inda ƙura ta yi yawa kuwa, a rage kwanakin. Mai lamba SAE 30 ya dace da ƙasar zafi, yawancin ƙananan injuna kuwa kamar rabin lita su ke sha. A juye shi inji yana da ɗumi, don ya fita da daudarsa. Tsohon mai kada a zubar kusa da rijiya ko cikin lambu.

Amma ku lura, yawancin na ratayawa ba su da wurin baƙin mai dabam. Cikin fetur a ke gauraya musu wani mai na musamman, bisa ma'aunin da maƙeransu suka rubuta. In an rubuta 50 da 1, ma'anarsa mililita 100 na mai cikin lita 5 ta fetur. Wanda ya zuba wa irin wannan fetur zalla, ya kashe shi tun ran nan.

Matatar iska. Ita ce hancin inji. Ƙurar da ta wuce ta, ta kan ci cikinsa kamar yadda yashi ke cin tukunya. A duba ta kowace awa 25, cikin ƙura kuwa kowace rana. In ta soso ce, a wanke da ruwan sabulu, a shanya, a ɗiga mata mai kaɗan, a matse. In ta takarda ce, a kakkaɓe kawai, ba a wanke ta, ba a sa mata mai. In ta yi baƙi a sake sabuwa. Kada a yi aiki ba matata ko da na awa guda.

Fulogi. Sau ɗaya a shekara a kwance shi a goge bakinsa. In farin jikinsa ya tsage, ko bakinsa ya cinye, a sake wani mai lamba iri ɗaya.

Fetur. A tace shi da tsabtataccen ƙyalle kafin a zuba, gama ramukan kafireto ba su fi kafar allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su.

Wuƙa. Ciyawa ita ke ba da labarin wuƙa. In kwana ɗaya ko biyu bayan yanka kuka ga bakin ganye ya yage ya yi fari-fari, wuƙa ta dakushe. A kan wasa ta bayan kamar awa 25 na aiki. A kwance ta, a lura da gefen da ke duban ƙasa don kada a mai da ita a kife. A bi bakinta da magagari bisa karkatar da ta zo da ita. Ba kaifin aska a ke nema ba, gama bakin da ya cika siriri tsakuwa ta fari za ta ɓalle shi. Sa'an nan a kafa ƙusa a bango, a rataya wuƙar ta ramin tsakiyarta. In gefe ɗaya ya rinjaya ƙasa, a ƙara goge shi har su yi daidai, domin wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke girgiza inji har notuna su kwance. In ta tsage ko ta lanƙwashe, a yar da ita. Kada a kai wa maƙeri ya sa a wuta, gama wuta ta kan ɓata taurinta, wata rana kuwa ɓallinta zai tashi cikin mutane.

Na turawa gwajinsa da takarda ne. A sa 'yar takarda tsakanin wuƙa mai juyawa da kafaffiya, a juya a hankali. In ta yanke sumul, daidai ne. In ta tauna, a ɗan ƙara ɗaure notin daidaitawa na kowane gefe. A riƙa ɗiga mai a duk inda ƙarfe ke juyawa.

7. AJIYA DA RANI

A ƙasarmu inji ya kan yi wata 4 ko 5 yana aiki, sauran shekara yana kwance, yawancin injuna kuwa cikin kwanciyan nan su ke mutuwa. Fetur in ya wuce kamar wata guda ya kan fara lalacewa, daga baya ya zama danƙo ya toshe kafireto. Saboda haka ran yanka na ƙarshe a yi waɗannan:

A juye fetur daga tanki, a ta da inji a bar shi har ya mutu da kansa. A sake baƙin mai. A kwance fulogi, a zuba mai ƙaramin cokali ɗaya cikin raminsa, a ja igiya a hankali sau 2 ko 3, a mai da fulogi. A wasa wuƙa a shafe ta da mai. A toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, amma a tuna a cire shi ran tayarwa. A ajiye shi cikin ɗaki busasshe, bisa katako, a lulluɓe saboda ƙura, a riƙa leƙawa saboda ɓeraye masu cin waya. Batir kuwa a ajiye shi a inuwa da kamar rabin cajinsa.

Tun bazara, kafin ruwan fari, a fito da shi a gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

8. HATSARI

Mai aiki ya sa takalmi rufaffe, kada ya yi da silifa ko ƙafa ba takalmi. Ya tattare rigarsa, babbar riga ba ta aikin inji ba ce. A kori yara da dabbobi daga filin. Likitocin yara na Amurka sun yi gargaɗi kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya tura inji, kada kuma wanda bai kai 16 ba ya hau na hawa. Kada a zuba fetur inji yana aiki ko yana da zafi, kada a sha taba kusa. Kada a tashe shi cikin ɗaki ko zaure, gama cikin hayaƙinsa akwai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum. In wuƙa ta bugi dutse, a kashe nan da nan a duba kafin a ci gaba.

9. CIYAWAR DA AKA YANKE

In gajeriya ce, a bar ta a filin, za ta ruɓe ta koma taki. In ta yi yawa, a kwashe a zuba cikin ramin taki, a riƙa haɗawa da busasshen ganye da kashin dabbobi, ko kuwa a shimfiɗa ta kaɗan-kaɗan gindin itatuwa don ta riƙe laima.

Masu dawaki su ji wannan da kyau. Kada a ba doki ko jaki ciyawar da inji ya yanke. Ta riga ta niƙe, in ta taru ta kan yi zafi ta fara tsami cikin 'yan awoyi. Doki kuwa zai haɗiye ta ba tauna, ba ya kuma iya amai, sai ta kumbura masa ciki, wani lokaci har ta kashe shi. Ciyawar doki a yanko ta da lauje yadda aka saba.

10. MAGANA GA MASU GARI

Inda mutum ɗaya bai iya saye ba, gari yana iya haɗa kuɗi a sayi ɗaya domin makaranta, da ɗakin shan magani, da ƙofar fada. In an yi haka, sai mai gari ya danƙa shi hannun mutum ɗaya amintacce, a ba shi littafi. Cikin littafin ya riƙa rubuta ranar aiki, da yawan awoyi, da ranar da aka sake mai, da ranar da aka wasa wuƙa. Wanda ke son a yanke masa nasa fili ya biya abin da aka yanka, mai riƙon kuma shi zai je ya yi aikin, ba a ba da aro. Daga cikin kuɗin nan a riƙa ajiye na gyara. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona na gundumarku.

TAMBAYOYI DON A GWADA KO AN FAHIMTA

1. Don me gajeriyar ciyawa ta fi ƙasa tsirara?
2. Ciyawa mai tsawon inci 6, inci nawa ya kamata a cire a rana ɗaya?
3. Me za a fara yi kafin a taɓa wuƙa?
4. In an rubuta 50 da 1, mai nawa za a zuba cikin lita 10 ta fetur?
5. Don me a ke juye fetur kafin ajiya?
6. Don me ba a ba doki ciyawar inji?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga maciji da gobara. Amin.